Cikon Kuɗin da Na Riƙe a Keqiao

A farkon shekarar 2016 na riƙe wa wani ɗan kasuwa Basine cikon kuɗin kayansa alhali kuɗin suna hannuna. Ban yi niyyar cinye masa ba, kuma daga baya na biya shi har sisin kwabo. Sai dai na biya ne bayan lokacin da biyan yake da amfani ya wuce, jinkirin kuma ya faɗa kan mutanen da ban taɓa sanin suna cikin cinikinmu ba. A lokacin, da tsadar dala na fake. Laifin nawa ne.

Sana'ata yadi. Kamar yawancin 'yan Kantin Kwari, da Gwanzu na fara, kafin na gane cewa da yawa daga cikin abin da ake sayar mana a can daga lardin Zhejiang yake fitowa, daga Keqiao ta birnin Shaoxing, inda kasuwar yadi take da girman da mutum zai wuni yana yawo bai gama ɓangare ɗaya ba. Wanda ya kai ni can wani tafinta ne, Musulmi ɗan ƙabilar Hui daga Ningxia, wanda ya yi karatun Larabci. Da ɗan Larabcina na Islamiyya muke fahimtar juna. Shi ya ɗauke ni ya kai ni shagon wani mutumin Wenzhou da ya daɗe da zama a Keqiao. Kowa Laoban yake ce masa, yadda suke kiran duk mai shago, ni ma haka nake kiran sa har yau.

Kamfaninsa ƙarami ne. Shago ɗaya a kasuwa, sito ɗaya a bayan gari, ma'aikatan da ba su kai ashirin ba, matarsa kuma ita ke riƙe da littafin kuɗi. Ba shi da masaƙa, ba shi da marina. Zai karɓi oda, ya sayo ɗanyen yadi, ya kai a buga zane a rina, yaransa su duba su naɗe su ɗaure dila-dila, a loda a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Ningbo. Ƙa'idar kasuwar sananniya ce: kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran 70 kafin kaya su bar sito. Haka muka fara. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya fara sakar mini kaya, ya ce in kawo ciko idan kwantena ta iso na sayar. Babu lauya, babu shaidu, sai takardar lissafi da saƙon WeChat.

Duk lokacin da na je, sai ya rufe littafi ya nemo mana gidan abincin Musulmi. Yana tambayar yarana, ya san watan azuminmu, yana aiko da ganyen shayi da salla. Ni kuwa a raina dabarar ciniki na ɗauki wannan duka, irin fara'ar da mai shago yake yi wa mai kuɗi. Na sha jin kalmar guanxi a bakin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, kuma abin da na fahimta da ita shi ne "wa ka sani" da toshiyar baki. Na ɗauka ni kwastoma ne, shi kamfani, tsakaninmu farashi ne kawai.

A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati, yadi na ciki. A Janairun 2016 ya daina sayar wa 'yan canji dala, farashinta a Wapa ya haura naira 300. Duk da haka na haɗa cikon Laoban. A daidai wannan lokaci wani sabon kamfani ya ba ni farashi mai ɗan sauƙi a kan irin yadin da nake ɗauka, da sharaɗin in tura kafin alƙalami kafin su tafi hutun sabuwar shekararsu. Na zauna na yi lissafi. Rangwamen kaɗan ne a kan yadi ɗaya, amma a kan kwantena ya zama kuɗi. Na ce wa kaina Laoban nawa ne, zai yi haƙuri, wata ɗaya ko biyu ba za su kashe kamfani ba. Na tura kuɗinsa ga wani. Shi kuma na rubuta masa cewa dala ta yi wuya a Nijeriya, wanda gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba.

Ya sake tambaya sau ɗaya, cikin ladabi, ko zan iya turo ko da rabi kafin biki. Na ce ina ƙoƙari. Daga nan bai ƙara magana ba.

Sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar 8 ga Fabrairu a waccan shekara. Abin da ban ɗauke shi da muhimmanci ba shi ne, a al'adarsu ba a tsallakawa da bashi zuwa sabuwar shekara. Makonnin da suke gabanta su ne lokacin da kowa ke bin kowa. Ma'aikata, waɗanda yawancinsu 'yan ci-rani ne daga larduna masu nisa, suna jiran a sallame su da albashi da ɗan ihsani kafin su hau jirgin ƙasa zuwa gida. Mai masaƙa yana rufe littafinsa, mai marina yana rufe nasa. Wanda bai biya ba a wannan lokaci, maganarsa za ta zaga gari.

Sai da na koma bayan watanni tafintan ya zaunar da ni a masaukina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Alhaji, ka san wa ya ba ka bashin nan?" Na ce Laoban. Ya girgiza kai, ya fara lissafa mini.

Ɗanyen yadin da aka yi mini aiki da shi daga masaƙar wan matar Laoban ya fito, kuma bashi ya bayar, saboda ƙanwarsa. Rinin an yi shi a marinar da wani abokin karatun Laoban na sakandare yake manaja, shi ma bai karɓi kuɗi a gaba ba, ya sa hannu ne a madadin abokinsa a gaban masu marinar. Mai motar da ya kai kaya Ningbo ɗan garinsu ne, a ƙarshen shekara ake biyansa. Sannan shi kansa tafintan, ranar da Laoban ya fara tunanin sakar mini kaya ba tare da ciko ba, shi ya kira ya tambaya, shi kuma ya ce ya san ni, mai salla ne, ba zai ci amana ba. Ashe Laoban bai taɓa mallakar kuɗin da zai ba ni bashi da su ba. Mutuncinsa ya ara mini, wanda ya yi shekaru yana tarawa a wurin surukinsa da abokinsa da mutanen garinsu, tafintan kuma ya ɗora nasa a kai.

Na tambaye shi yadda aka yi Laoban ya tsallake bikin. Ya ce ma'aikata aka fara sallama, domin wanda ya hana ma'aikaci kuɗin zuwa gida ba zai ga kowa ba bayan hutu. Matarsa ta je gidan wanta da kanta ta roƙi a ɗaga musu ƙafa. Abokin nan na marina ya rufe gibin da aljihunsa don kada masu kamfanin su ga sunan Laoban a jerin waɗanda ba su biya ba. Abin da ya rage kuma ya karɓo a wurin 'yan garinsu da suke zubi tare, da kuɗin ruwa a kai. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai. Ni da nake gudun riba a Kano, na tura wani ya ci bashi da ruwa domin in samu rangwame.

Daga nan na fara neman sanin dalilin da ya sa mutum mai sana'a a hannu, mai oda daga ƙasashen waje, ba zai shiga banki kawai ya karɓi rancen wata biyu ba. Amsar tana cikin tarihin ƙasar. Manyan bankunan Sin na gwamnati ne, kuma shekara da shekaru kamfanonin gwamnati suka fi ba wa rance, domin ko sun gaza akwai mai tsaya musu. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sai ya kawo jingina, fili ko gini, shi kuma shagonsa haya ne, sitonsa haya ne. Ƙari a kan haka, kasuwancin kai da kai bai daɗe da zama halal a idon doka ba. A Disambar 1980 aka ba wata budurwa a Wenzhou, Zhang Huamei, mai sayar da maɓallai da ƙananan kaya, lasisin da ake ɗauka shi ne na farko na mai sana'ar kansa a ƙasar. Bayan shekara biyu kacal, a 1982, hukuma ta farauci wasu 'yan kasuwa takwas na garin Liushi, a yankin Wenzhou ɗin dai, bisa zargin cin ƙazamar riba, sai a 1984 aka wanke su. Kundin tsarin mulki bai amince da kamfanoni masu zaman kansu ba sai 1988, bai kuma ba dukiyar mutum cikakkiyar kariya ba sai 2004. A tsakanin nan mutane da yawa sun riƙa yi wa kamfaninsu rajista da sunan na gama-kai ne na ƙauye ko na gunduma, abin da suke kira sanya jar hula, don su tsira.

Mutumin da ya tashi a irin wannan yanayi, banki ba nasa ba, kotu ba tasa ba, wa zai dogara da shi in ba wanda ya san uwarsa da ubansa ba? Masanin zamantakewarsu Fei Xiaotong ya bayyana tun a ƙarshen shekarun 1940 cewa Basine yana kallon jama'a ne kamar da'irorin da suke bazuwa idan an jefa dutse a ruwa: shi a tsakiya, sai iyali, sai dangi, sai 'yan gari da abokan karatu, nauyin da ke kansa yana raguwa gwargwadon nisa. Da aka buɗe ƙofar kasuwanci, waɗannan da'irori su suka zama banki da inshora da kotu. Mutanen Wenzhou suna da zubinsu da suke kira hui, ɗan'uwan adashinmu ne, sai dai nasu sau da yawa da ruwa a ciki, kuma da shi aka kafa dubban ƙananan masana'antu na takalma da maɓalli da tabarau da kayan lantarki. Kellee Tsai ta rubuta littafi guda a 2002 a kan waɗannan hanyoyin rance na bayan fage. Kafin ita, a 1996, Katherine Xin da Jone Pearce sun yi bincike suka gano cewa shugabannin kamfanoni masu zaman kansu sun fi na kamfanonin gwamnati dogaro da sanayya, wato guanxi, domin su ne ba su da wata kariya. Hatta manyan da ake ji da su yau haka suka faro: Alibaba a 1999 mutum 18 ne, abokai da tsofaffin ɗaliban Jack Ma, suka haɗa yuan 500,000 a gidansa da ke Hangzhou.

Ba ƙaramin ɓangare ake magana a kai ba. A Nuwambar 2018 shugaba Xi Jinping da bakinsa ya ce kamfanoni masu zaman kansu su ke kawo sama da rabin harajin ƙasar, sama da kashi 60 na arzikinta, da sama da kashi 80 na ayyukan yi a birane. Mafi yawansu irin na Laoban ne, ba irin na Jack Ma ba.

Sanayyar kuma ba a kuɗi kaɗai take aiki ba. A 2016 ɗin nan hukumomi suna ta rufe marinu a Keqiao saboda gurɓata ruwa, suna tattara su a yankin masana'antu na Binhai, ga shi an dakatar da masana'antu da yawa na ɗan lokaci saboda taron G20 da aka yi a Hangzhou a watan Satumba. Layin rini ya yi tsawo. Babban kamfani yana samun gurbi saboda yawan odarsa. Ƙarami kuwa sai in yana da wanda zai ɗaga waya ya ce a saka nasa a daren yau. Haka labarin wane ne ya fara kasa biya, wane zane ne yake tafiya a Dubai, wane jami'i ne zai zo duba kayan kashe gobara: duk a teburin cin abinci ake jin su. Liyafar da nake gani ɓata lokaci ce, a wurinsu aiki ce. Kuma kowane alheri a rubuce yake a zuci. Abokin da ya rufe wa Laoban gibi bai ce a biya shi da ruwa ba, amma ranar da ɗansa zai nemi aiki ko zai yi aure, Laoban ya san abin da ke kansa. Bashin kuɗi na jawo masa, ya biya shi da bashin alheri, wanda ya fi wuyar sauka.

Ba zan ce tsarin nan alheri ne zalla ba, domin na ga inda yake ciwo. Igiyar da take ɗaga mutum ita take jan maƙwabcinsa idan ya faɗi. A Zhejiang kamfanoni sun saba tsaya wa juna a banki, wannan ya sa wa wancan hannu, wancan ya sa wa na gaba. A 2011, da gwamnati ta matse bakin aljihun bankuna, kuɗin ruwan bayan fage ya yi tashin gwauron zabo, masu masana'antu da dama a Wenzhou suka rufe ƙofa suka gudu. Har Hu Fulin, mai ɗaya daga manyan kamfanonin tabarau na birnin, ya tsere Amurka a watan Satumba kafin ya dawo. Waɗanda suka tsaya musu, lafiyayyun kamfanoni, suka bi su ƙasa. Sai da Firimiya Wen Jiabao ya je birnin da kansa a watan Oktoba, a Maris na 2012 kuma aka mai da Wenzhou wurin gwajin gyaran harkar kuɗi. Akwai kuma shari'ar Wu Ying, matashiyar 'yar kasuwa daga Dongyang, da ta tara kimanin yuan miliyan 770 a hannun mutane, aka yanke mata hukuncin kisa a 2009, kotun ƙoli ta ƙi amincewa da shi a 2012 bayan ƙasar ta ɗauki zafi a kan maganar. Sannan fahimtata ta farko ba ƙarya ce gaba ɗaya ba: inda sanayya ta haɗu da mai riƙe da hatimin gwamnati, tazarar da ke tsakanin kyauta da cin hanci ƙanƙanuwa ce, shi ya sa tun Disambar 2012 jam'iyya mai mulki ta sa wa jami'anta takunkumi a kan liyafa da karɓar kyaututtuka. Wanda kuma ba shi da kowa, baƙo ko ɗan talakan da ya fito daga lardi mai nisa, tsarin bai san da shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko ɗaya daga ciki bai shafi abin da ke tsakanina da Laoban ba. Shi ya shigar da ni da'irarsa ne, ni baƙo, na kuma yi amfani da wannan na cuce shi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ba ni da uzurin rashin sani. A gidan fatauci na tashi. Kakanninmu da suka kai shanu kudu suka dawo da goro, da me suka yi ciniki in ba da amanar mai gida ba? Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan ya rubuta a 1969 yadda mai gida yake saukar da baƙon falke, ya sayar masa da shanu bashi ga mahauta, ya kuma tsaya a kan kuɗin da sunansa. Yau ma a Kwari yaro yana ɗaukar dila a kan lamuni saboda wane ya ce ya san shi, kuma duk mun san abin da ake cewa game da wanda ya kunyata mai tsaya masa. Tun muna yara aka karantar da mu cewa mai hali ya ja wa mai bin sa bashi rai zalunci ne. Da Bakano ne ya yi mini abin da Laoban ya yi mini, ko a mafarki ba zan karkatar da kuɗinsa ba. Na yi ne domin a can ƙasan zuciyata ban lissafa Basine cikin mutanen da ake jin kunyarsu ba. Na gan shi a matsayin masana'anta, alhali mutum ne mai suruki.

Na je shagon Laoban tare da tafintan. Na gaya masa gaskiyar inda kuɗinsa suka tafi, domin na lura ya riga ya sani. Keqiao ba ta da girman da irin wannan zai ɓuya. Na nemi in biya kuɗin ruwan da ya ɗauka saboda ni. Ya ƙi karɓa, ya zuba mini shayi, ya ce abin ya wuce. Matarsa ba ta ɗago daga littafinta ba. Muka ci gaba da ciniki, amma a kan ƙa'idar farko: 30 a gaba, 70 kafin a loda. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, bai kuma ƙara sakar mini ko yadi ɗaya ba tare da kuɗi ba. Tafintan ma ya ɗauki lokaci kafin ya sake kai wani ɗan Nijeriya wurin mutanen Wenzhou, kuma waɗanda suka rasa wannan dama ba su san ni ne sanadi ba.

Nauyin abin da na zubar bai bayyana mini sosai ba sai da annobar korona ta zo. Daga ƙarshen Maris na 2020 Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin baƙi, ba a koma ba da biza yadda aka saba ba sai a 2023, a 2021 kuma kuɗin dakon kwantena ya ninka. A waɗannan shekaru ba mai zuwa ya taɓa yadi da hannunsa. Abokan sana'ata da suka riƙe mutanensu da kyau suna zaune a Kano ana turo musu samfur ta waya, ana loda musu kaya, ana jiran su sayar. Ni kuwa sai na haɗa kuɗi cif kafin a motsa, don haka abin da nake iya ɗaukowa ya ragu ƙwarai. Kamfanin da na bi saboda rangwame bai kai ƙarshen annobar ba. Na Laoban yana nan, da surukinsa da abokin karatunsa.

'Yan'uwana masu ɗauko kaya daga Gwanzu da Yiwu da Keqiao, musamman matasan da suka fara samun wanda yake sakar musu kaya kafin ciko: ku tambayi tafintanku wa da wa ke bayan wannan lamuni, za ku ji sunaye fiye da ɗaya. Sabuwar shekararsu tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu kuma suna fara sallamar ma'aikata tun kafin ranar. Duk wanda ake bin sa ciko, ya tura shi tun farkon Janairu. Wanda kuma da gaske ba shi da shi, ya kira tun da wuri ya faɗi gaskiya da adadin abin da zai iya, don mutumin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.